Tebur mai saman katako da ƙafar ƙarfe: tambayoyin masu son haɗawa da hannunsu

Yanzu yayin irin teburan nan ake yi masu baƙar ƙafar ƙarfe da saman katako mai kauri, kuma da yawa masu tambaya ba sana'a suke son maida abun ba, ma'aikata ne da ɗalibai masu neman abin yi ranar Asabar da Lahadi. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa, na haɗa su waje ɗaya.

Ni ba kafinta ba, ban taɓa riƙe sandar walda ba, anya zan iya?

Zaka iya mana. Gaskiya ma haɗin katako da ƙarfe ya fi sauƙi ga sabon shiga akan aikin katako zalla, saboda abinda ke ba ɗan koyo wahala a kafinta shine haɗa ƙafafu da jiki, a fafe rami a sassaƙa harshe su shiga juna daram ba girgiɗi, wannan kuwa sai an daɗe ana yi hannu ke faɗawa. To idan ƙarfe ya ɗauke maka wannan nauyin saura kawai ka gyara saman. Kuma ba baƙon abu bane a wajenmu, bencin makarantar firamare mai firam ɗin ƙarfe da falanki a sama ai shine dai, kwalliya ce kawai ta ƙaru. A Turai ma tun 1925 wani mai zanen kayan ɗaki, Marcel Breuer, ya yi kujera da bututun ƙarfe a Jamus, daga ƙarfen kekensa tunanin ya zo masa.

Amma dan Allah kar ka fara da kujera mai majingini. Fara da benci ko ɗan teburin tsakiyar falo.

Wane katako zan saya, kuma a ina?

In kana Kano ka je 'yan katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo, Abuja kuma Dei-Dei, a Yamai akwai kasuwar Katako. Abinda zaka fi tararwa: obeche, fari ne mara nauyi mai daɗin yanka amma yana da taushi, farce ma yana yi masa shaida, ƙwari kuma suna sonsa, ban ga amfaninsa a saman tebur ba sai dai cikin durowa. Malaina matsakaici ne kuma baya yawan murɗewa idan ya bushe, matsalarsa jinkirin bushewa. Madaci, wanda 'yan kasuwa ke ce ma mahogani, ja ne mai nauyi kuma yana shan banish yayi kyau sosai, ni shi nake ba mutum shawara a aikin farko in aljihu zai ɗauka. Iroko yana da ƙarko, gara bata cika damunsa ba, idan aka yanka shi rawaya-rawaya ne daga baya ya koma ruwan ƙasa. Tik kuma sarki ne amma da tsada, ga maiƙo a jikinsa, sai ka goge bakin da tina, ruwan nan na sirka fenti, kafin ka shafa gam in ba haka ba gam ɗin baya kamawa da kyau.

Sai madobiya, wanda kowa ke yaba kyansa. An sare shi ba kaɗan ba a Taraba da maƙwabta ana lodawa zuwa Sin har sai da yarjejeniyar duniya ta CITES mai kare dabbobi da tsirrai ta saka shi cikin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu tun 2017. Ni dai ra'ayina in ba tsohon guntu ka samu ba, ka barshi.

Wajen zaɓe kar ka bari yaron shago ya zaɓo maka. Ɗaga falankin ka sa ido ɗaya a bakinsa ka hango tsawonsa har ƙarshe, in ya yi baka ko ya murɗe ajiye shi. Duba ƙananan huji masu zubar da gari kamar fulawa, ƙwaro ne a ciki yana aiki.

Na sa an yi min tebur da damina, hunturu na shigowa saman ya tsage gida biyu. Kafintan ne ya cuce ni?

Ba lallai cuta bace, wataƙila shima bai san dalilin ba, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran muhimmanci dan haka bari in daɗe a kanta. Katako ko bayan an sare shi an yi shekaru baya daina shan laima daga iska yana fitarwa. Da damina ya sha ya kumbura, da hunturu ya saki ya tsuke. Kuma ba ta ko'ina yake motsin daidai ba, ta tsawo kusan baya motsi, ta faɗi ne yake ƙaruwa yana raguwa. To mu nan arewa bambancin yanayin namu ba wasa bane, a watan Agusta laimar iska kan haura kashi 70 cikin 100, a Janairu da Fabrairu ta sauko ƙasa da kashi 20, kaga saman tebur mai faɗin santimita 90 zai iya raguwa da santimita 1 ko fiye tsakanin damina da hunturu. Shi yasa ƙofar katako ke ƙin rufuwa da damina, da rani kuma ka hango haske ta gefenta.

Shi kuwa ƙarfe babu ruwansa da laima. Zafi ne kaɗai ke motsa shi, shima ƙarfe mai tsawon mita 1 ko zafi ya ƙaru da digiri 30 abinda zai ƙara bai kai rabin milimita ba. To ka ɗauko abu mai son tsukewa ka ɗaure shi tam da sukuru a jikin abun da baya motsi, gefe da gefe an riƙe, ina zai je? Dole ya yage a tsakiya.

Maganin kuma mai sauƙi ne har abun ya baka mamaki. Hujin da zaka yi a firam ɗin ƙarfe inda sukuru zai ratsa ya kama katako, kar ka yi shi zagayayye daidai jikin sukurun, yi shi dogo. Ka huda biyu kusa da juna ka goge tsakaninsu da fayil ya zama tsaga mai tsawon kamar santimita 1 da rabi zuwa 2, kuma tsagar ta bi faɗin katakon ba tsawonsa ba, nan ne mutane ke juyawa. Sai ka sa wosha a ƙarƙashin kan sukurun, ka ɗaure ya kama amma ba ɗaurin ƙarfin tsiya ba, yanda katakon zai iya zamewa a hankali. Na tsakiya kaɗai zaka bari zagayayye ka ɗaure sosai, shi zai riƙe saman kar ya goce, motsin ya rabu hagu da dama. In da damina kake haɗawa sa sukurun a ƙarshen tsagar ta waje dan katakon ciki zai ja, in da hunturu ne sa shi ta ciki. Kuma kar ka kuskura ka manna katako a ƙarfe da gam, haka nan kar ka yi masa firam na ƙarfen angul da ya zagaye shi tsam ba sarari, musamman in da rani ka auna, damina na zuwa zai kumbura ya rasa wajen zuwa sai ya bankare sama.

Filawud da MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, basu da wannan halin, su zaka iya ɗaure su yanda kake so. MDF dai ruwa ne ajalinsa.

Ya zan gane katako ya bushe?

Mafi yawan katakon kasuwannin arewa daga kudu ake kawo shi, wani ma bai daɗe da fitowa daga injin yanka ba, kuma mai sayarwa har abada cewa zai yi busasshe ne. Ɗanye yana da nauyi da sanyi a tafin hannu, in aka yanka garinsa yana dunƙulewa. Akwai ƙaramar na'urar auna laima mai tsinke biyu da ake cakawa, in ka samu abinda kake nema kashi 8 zuwa 12 ne. In babu ita, yanko guntu ka riƙa ɗora shi a sikeli duk sati kana rubutawa, ranar da nauyin ya daina sauka to ya daidaita da iskar garinku.

Shanya kuma a inuwa ake yi, kar ka baza shi a rana. Jera falankan a kwance nesa da ƙasa, tsakanin kowanne da na samansa ka sa siraran sanduna a jere daidai kan juna dan iska ta ratsa, ka ɗora bulo a sama, ka shafa tsohon fenti a bakin kowanne dan ta nan ruwa ke saurin fita ya tsaga shi. Turawa na cewa shekara 1 ga kowane inci 1 na kauri, wannan lissafin ƙasar sanyi ne, a nan ya fi haka sauri sosai. Dabara dai ka sayi katako da kaka, ka barshi ya sha hunturu, ka yi aikinka kafin damina.

Ƙarfen fa, wane iri kuma wane awo?

Sikwaya faif ake fi amfani da shi, a Kano Kofar Ruwa zaka samu, Kaduna kuma Panteka har guntaye ana samu da rahusa. Inci 1 ya isa ƙaramin tebur, teburin cin abinci kuma inci 1 da rabi ko 2. Abun lura kaurin jikinsa ne, na milimita 1 ko ƙasa da haka sabon hannu na taɓa shi da wuta zai ɓula, nemi 1.5 ko 2. Tsayi kuwa an daɗe da gama wannan lissafin, teburin ci ko rubutu santimita 75, wajen zama 45, teburin falo 40 zuwa 45. Ka tuna ka cire kaurin katakon daga tsayin ƙafa.

In koyi walda ko in kai wa mai walda?

Aikin farko kai masa, amma ka tsaya a wajen. Ka tafi da zane da awo a takarda, dan mai waldan da ya saba da ƙofa da taga zai iya ganin bambancin rabin santimita ba komai bane, a tebur kuwa shine girgiɗi. Abinda zaka sa ma ido: walda tana jan ƙarfe idan tana hucewa, dan haka a fara ɗiga ɗan kaɗan a kowace kusurwa, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangare biyun, in awon ya zo ɗaya firam ɗin ya miƙe, sannan a cike waldar ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan ba a gama gefe ɗaya gaba ɗaya ba. Kuma a kan daɓe mai lebur za a haɗa, ba kan turɓayar bakin titi ba.

In kuma sha'awar ta kama ka, ƙaramin injin walda na inbata da sandar walda 6013 mai lamba 12, wato milimita 2.5, ƙarfin wutar injin tsakanin amp 60 zuwa 90, sun isa. Sai dai ƙaramin janareta baya ɗaukarsa. Ka ƙona guntaye da yawa kafin ka taɓa ƙarfen aiki.

Me ke kawo baƙin tabo a katako wajen da ya taɓa ƙarfe?

Wasu itatuwan suna da sinadarin nan irin na bagaruwa da ake jima da shi, in ya haɗu da ƙarfe da ɗan ruwa sai ya koma baƙi, kuma tabon yana nitsewa ciki samfefa bata cika fitar da shi ba. Ko tartsatsin giranda ya faɗa kan falanki ya kwana raɓa ta sauka, da safe zaka ga ɗige-ɗige. Dan haka aikin ƙarfe nesa da katako, kuma kowanne a gama shi daban kafin a haɗa su. Ƙarfe a goge tsatsa da maiƙo da tina, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, sannan baƙin ko duk kalar da kake so. Katako kuma samfefa lamba 80, sai 120, sai 180 ko 220, kana bin tsawon jijiyarsa, kar ka tsallake lamba dan gaggawa, banish na hawa duk wani karce zai fito fili. Kuma ka shafa sama da ƙasa daidai wa daida. Masu aikin kasuwa kan bar ƙasan tsirara tunda ba'a gani, sai gefe ɗaya ya riƙa shan laima fiye da ɗaya, teburin ya lotsa kamar faranti.

Kayan aiki nawa zan tara kafin in fara?

Kaɗan ne. Tef na awo, sikwaya, zarto, injin huda, giranda mai inci 4 da rabi, kilam guda 4 na matse katako, da farin gam irin Top Bond. Yanka da gogewa kuwa biya kuɗi kaɗan a yi maka a injin kasuwar, ba sai ka sayi inji ba.

Akwai haɗari?

Akwai, musamman giranda. Kar ka cire mata murfi, kar ka sa faifan da ya tsage, kar ka tsaya da babbar riga ko hannun riga na reto kusa da ita, kuma dan Allah kar ka ɗaura mata faifan zarto ka ce zaka yanka katako, tana fizga ba ka iya riƙe ta. Baƙin gilashin kwalliya baya kare ido daga hasken walda, a lokacin ba zaka ji komai ba sai cikin dare ido ya kama raɗaɗi da hawaye, nemi garkuwar fuska ta gaske, yara masu kallo ma a kore su. Farin faif mai rufin zinki hayaƙinsa na sa zazzaɓi, a goge rufin a yi waldar a fili. Garin iroko yana sa wasu ƙaiƙayi da tari, sa takunkumi. Tsumman da ka shafa wa katako man linsid da shi kuma kar ka dunƙule ka jefa a kwana, yana iya kamawa da wuta da kansa, shanya shi a baje ko ka tsoma a ruwa.

Ƙarshenta dai, ya fi sayen na kasuwa arha?

Na farko a'a, in ka lissafa kayan aiki da katakon da zaka ɓata zai iya fin na shago tsada. Daga na biyu ne lissafin ke fara dawowa. Kuma a kwatanta daidai, yawancin na shago mai arha MDF ne aka lulluɓe, naka katako ne na gaske da ko ya karce bayan shekara 10 zaka kwance sukuru ka goge ka sake banish. Shi yasa ma ake ɗaure saman da sukuru maimakon ƙusa, in tebur babba ne kuma ƙafafun ma ka yi su da noti ba walda gaba ɗaya ba, kuma ka auna faɗin ƙofar ɗakin da zai shiga tun kafin a yanka ƙarfe.