Shekara 18 ta isa a ɗauki yaro a AFL? Tambayoyi da amsoshi

Duk sanda watan Nuwamba ya kama, lokacin da kulob-kulob na AFL ke ɗaukar sababbin 'yan wasa, tambayoyin nan ne suke dawo mini, su ɗin dai ba wasu ba. Na tara su wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake aiko min da su.

Wannan ba ita ce zari-ruga ba?

Ba ita ba ce. Ƙwallon Ostireliya daban take: fili mai siffar ƙwai, mutum 18 a kowane ɓangare. AFL ce babbar gasarta.

Shekara nawa ake ɗaukar yaro?

Sai wanda zai cika 18 zuwa ranar 31 ga Disamba ta wannan shekarar. Haka dokar take tun 2009. Kafin nan ana ɗaukar ɗan 17.

Ai Tim Watson yana da 15 ya fara buga wa Essendon.

A 1977 ke nan. Ku daina kawo min wannan misalin. Ɗan tsakiya a yau yana gudun fiye da kilomita 12 a wasa ɗaya, yana karo da ƙartin da suka shekara goma suna ɗaga ƙarfe. Wa zai miƙa ɗansa mai 15 cikin wannan?

To Nick Daicos fa, da Sam Walsh?

Gaskiya ne, Walsh ya ci kyautar gwarzon matashi a 2019, Daicos a 2022, duk a kakarsu ta farko. Amma ku kuna tuna waɗanda abin ya yi wa kyau ne kawai. Jack Watts shi ne zaɓi na 1 a daraf ɗin 2008, wato shi aka fara ɗauka. Kulob ɗinsa Melbourne ta jefa shi gaban Collingwood a filin MCG a watan Yunin 2009, yana ɗan makaranta, kuma daga taɓa ƙwallonsa na farko suka yi masa taron dangi. Wannan rana ta daɗe tana binsa.

Mene ne ma daraf ɗin?

Kulob 18 suna zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi, wanda ya ƙare a ƙasan tebur shi ke fara zaɓa. Yaro ba shi da ta cewa kan inda za a kai shi, sai in mahaifinsa ya buga wa wani kulob wasa 100, ko kuma ya taso a makarantar horon kulob ɗin.

Ɗana ya cika 18 bana, yana ajin ƙarshe na sakandare. Ya ba da sunansa ko ya jira baɗi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ba ta da amsa ɗaya. Fara duba inda yake bugawa a fili. In ɗan tsakiya ne ko ƙaramin ɗan gaba, jikinsa ya cika, ya riga ya buga da manya a gasannin jihohi irin su SANFL ko WAFL ko VFL bai ji jiki ba, to ban ga dalilin jira ba. In dogo ne, irin masu tsalle a cibiyar fili, lissafin ya canza. Dogaye ba sa nuna da wuri. Max Gawn, mai tsawon fiye da mita 2, an ɗauke shi a 2009 a zaɓi na 34, ya sha fama da gwiwa, sai a 2016 ya shiga jerin gwarazan ƙasa. Sai dai a nan ma akwai wata fuskar: irin wannan yaron, likitoci da masu horon kulob sun fi iya rainon jikinsa fiye da yadda za a yi masa a gida. Saboda haka tsawo kaɗai ba hujjar jira ba ce, matuƙar kulob ɗin mai haƙuri ne, kuma ba kai za ka zaɓi kulob ba.

Sannan nisa. Daga Melbourne zuwa Perth tafiyar awa huɗu ce a jirgi. Zaɓaɓɓu 20 na farko yanzu kwantiragin shekara uku ake ba su. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: yaron nan ya iya dafa abinci, ya iya riƙe kuɗi, zai iya kwana da zagin dubban mutane a wayarsa babu uwa a kusa? Jason Horne-Francis, zaɓi na 1 a 2021, kaka ɗaya ya yi a North Melbourne ya nemi komawa gida Adelaide. Tom Boyd, zaɓi na 1 a 2013, ya ci kofi da Western Bulldogs a 2016, ya ajiye wasa a 2019 yana da 23, kuma ya fito fili ya yi maganar damuwar da ya sha. Ba ƙwarewa suka rasa ba.

Ga kuma jarrabawar ƙarshe, wadda take faɗowa a Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin gwajin gudu da tsalle da ganawa da kulob-kulob. Abin da zan ce, da sharaɗi: in kulob sun riga sun fara zuwa gidanku, ya ba da sunansa, don jira ma yana da haɗarin rauni. In ba wanda ya kira, ya riƙe karatunsa da kyau. Ba da suna ba ya hana a sake gwadawa baɗi.

Ba a ɗauke shi ba. Shi ke nan?

Kwantar da hankalinka, Malam. Geelong ta ɗauki Tom Stewart a 2016 da Tim Kelly a 2017, kowanne yana da 23. Aliir Aliir, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, an tsallake shi a shekararsa ta farko, Sydney ta ɗauke shi a 2013. Marlion Pickett kuwa yana da 27 Richmond ta ɗauko shi a tsakiyar kakar 2019, wasansa na farko shi ne wasan ƙarshe na kofi, kuma suka ci.

A ɗaga zuwa 19 ke nan?

Luke Beveridge, kocin Bulldogs, ya daɗe yana wannan kira, kuma ina tare da shi, don yaro ya gama makaranta hankali kwance. Amma kafin a ɗaga, sai an tanadi gasa mai ƙarfi da ɗan 18 zai buga a wannan shekarar ta jira, da likita da ɗan alawus. In ba a yi haka ba, ɗan mai hali zai jira, ɗan talaka daga ƙauye zai kama aiki ya bar ƙwallon.