Waiwaye: Wa ya gaji kasuwa a Arewacin Kamaru?

A Garwa da Marwa har gobe ana cewa Bafulatani da saniya, Bahaushe da kasuwa, mutumin dutse da fartanya, kamar a jini abin yake. Tarihi ne ya yi wannan rabo.

Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu wajajen 1809, Fulani suka kafa sarautun lamiɗo a Garwa da Tibati da Ngaundere. Mulki da shanu na hannunsu, zaman rumfa kuwa ba ya cikin abin alfaharin masu sarauta. Fataken Hausa da Barebari suka cike gurbin: su kawo tufafi da kanwa, su koma da hauren giwa da goro, har da bayi, wannan ma gara a faɗa.

Babban jarin bafatake ubangida ne. Yaro ya yi shekaru yana ɗaukar kaya yana koyon ciniki, ran da aka yarda da amanarsa a ɗora masa haja bashi, ya sayar ya biya. Duk garin da ya sauka akwai zango, akwai mai masaukin da zai lamunce shi. Ɗan ƙabilar Mafa da farautar bayi ta tura kakanninsa kan duwatsun Mandara, wa zai lamunce shi? Gona ya gada, daga baya ya shiga noman audugar kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974.

'Yan ƙabilar Bamileke na yammacin ƙasar tasu hanyar daban. A al'adarsu ɗa ɗaya ke gadon gida da gona, sauran su fita nema, adashi mai ƙarfi ya zame musu banki. Wani gado ne ya kai shi kasuwa, wani rashin gado.

Sai ga 1993 an zaftare albashin ma'aikatan gwamnati sau biyu, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Masu takardun da ke jiran ofis suka hau acaɓa, wasu suka jera kwalaben fetur ɗin Najeriya a bakin titi, wanda ake kira zuwa-zuwa. Yunwa ba ta tambayi ƙabilar kowa ba.

Inda bambancin ya rage shi ne ranar da mai kwalba ya so buɗe shago. Dila a kasuwar Garwa zai tambaye shi yaron wane ne shi kafin ya ba shi kaya bashi.