Waiwaye: Yadda Rawanin Tarbiyya Ya Hau Kan 'Yan Fim

Duk lokacin da hoto ko guntun bidiyon wani ɗan fim ya tayar da ƙura a Facebook, maganar da ke fara fitowa daga bakin jama'a ita ce, "Ai su abin koyi ne, bai kamata su yi haka ba." Su ma 'yan fim ɗin, in an miƙa musu makirufo, da wuya su dire zance ba su ce faɗakarwa suke yi ba. Maganar ta zauna daram kamar da ita muka tashi, alhali ba ta daɗe ba. Da kakanninmu za su ji ana cewa yaro ya ɗauki halin mai nishaɗantar da mutane, dariya za su yi.

A zaman Bahaushe na da, an raba wa kowa aikinsa. Tarbiyya ta uwa da uba ce, da baffa da gwaggo, da malamin allo, da ubangidan da yaro ke koyon sana'a a hannunsa, har da maƙwabcin da ke da ikon tsawatar wa ɗan da ba shi ya haifa ba. Makaɗi da maroƙi da ɗan kama da ɗan gambara kuwa fagensu daban. Ana son su, ana yi musu kyautar riga da doki, sarki ba ya hawan salla babu su, amma a jerin daraja suna ƙasa, har wasu gidajen ba sa ba su aure. Dubi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Babu lungun ƙasar Hausa da muryarsa ba ta shiga ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi, ya yi wa mashaya ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Malamai sun yi wa'azi a kan kiɗa tun kafin a haife shi, sai dai ƙorafinsu a kan kiɗan ne kansa. Ba a tuhumi Shata da cin amanar tarbiyya ba, don tun farko babu wanda ya damƙa masa ita.

Sinima ma da ta zo, a wannan gurbin aka ajiye ta. Tun a shekarun 1930 Kwarori suka fara buɗe gidajen sinima a Kano, a wajen ganuwa. Lokacin da gobara ta tashi a sinimar El-Duniya a 1951 ta ci rayuka sama da 300, mutane da dama a cikin birni sun ɗauke ta a matsayin ishara. Ɗan mutunci ba ya son a gan shi a ƙofar sinima, balle mace. Daga baya finafinan Indiya suka mamaye allon, samari suka haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba, suka laƙaba wa jaruman sunayen Hausa. Amma ɗan wasan Indiya yana can ƙasarsu. Ba ɗan unguwa ba ne, ba za a haɗu da shi a masallacin Juma'a ba, don haka babu mai bin diddigin halinsa.

Kalmar faɗakarwa daga gidajen rediyo da talabijin na gwamnati ta samo ƙafa. A shekarun 1970 da 1980, su Usman Baba Pategi da aka fi sani da Samanja, da Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos, da 'yan wasan CTV a Kano, wasanninsu suna tafe ne da saƙon hukuma: tsafta, rigakafi, kai yara makaranta, illar almubazzaranci a biki. Gwamnati ce mai tashar, ita ke biyan kuɗi, ita ke duba abin da zai fita. Mutane suka saba da cewa wasan kwaikwayo wayar da kai ne.

Sai kaset ɗin bidiyo ya zo ya fitar da harkar daga hannun hukuma. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi don kasuwa. Kafin shekara goma ta cika harka ta bunƙasa. A 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, a wannan tsakanin ne kuma sunan Kannywood ya fito daga alƙalamin Sunusi Shehu Daneji. A karon farko aka samu samari da 'yan mata Hausawa, Musulmi, 'ya'yan gidajen da aka sani, waɗanda hotonsu ke manne a shagon aski da bayan motar haya, ana ganinsu suna rawa da waƙa irin ta Indiya. Kaset kuma ya yi abin da sinima ta kasa: ya shiga har uwar ɗaka, inda matan aure da yara suke.

Ana cikin haka guguwar Shari'a ta taso daga Zamfara a ƙarshen 1999, ta iso Kano a 2000. A watan Disamba na shekarar gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jiha. A ganina nan ne aka ƙulla cinikin da har yau ake biyan bashinsa. 'Yan fim suna neman a bar su su ci abinci, kuma a yanayin da ake ciki cewa "nishaɗi muke sayarwa" ba za ta fisshe su ba. Sai suka ɗauko tsohuwar rigar wasannin talabijin suka saka: mu masu gyaran tarbiyya ne, abokan aikin malamai ne, inda wa'azi bai kai ba fim yana kaiwa. Al'umma ta ce to, mun ji, amma wanda ya ce shi malami ne da ma'aunin malamai za a auna shi.

Wani ɗan ƙwallon kwando a Amurka, Charles Barkley, ya bi akasin wannan hanya a 1993. Ya fito a tallan kamfanin Nike ya ce shi ba abin koyi ba ne, iyaye ne ya kamata su zama hakan, iya jefa ƙwallo a raga ba ya nufin shi zai rena wa mutane 'ya'yansu. An yi masa ca, amma ya ci gaba da sana'arsa. Ɗan fim a Kano a 2001 ba shi da wannan sararin. Da ya faɗi haka, da ya miƙa wuƙar da za a yanka shi.

Ranar biyan bashi ta zo a watan Agusta na 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata jaruma, wanda aka ɗauka da wayar hannu, ya bazu a gari. Ba fim ba ne, ba a wurin aiki aka ɗauke shi ba, namijin da ke ciki ma ba ɗan fim ba ne. Duk da haka masana'antar gaba ɗaya ce ta sha duka. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda da ma take da shirin gyaran ɗabi'u na A Daidaita Sahu, ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni shida, aka gindaya sababbin sharuɗɗa. Adam A. Zango ya shiga gidan yari a wannan shekarar saboda wani faifan waƙa, marigayi Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama suka bi baya a 2008. Masu shirya fim da yawa suka tattara suka koma Kaduna. Abin lura shi ne, ko a cikin wannan matsin, babbar hujjar da 'yan fim suka riƙa karewa da ita ba ta sauya ba: ɓatagari ne 'yan kaɗan suke ɓata mana suna, mu masu tarbiyya ne.

Shekarar 2016 ta nuna yadda al'umma ta karɓi wannan da'awar. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta shirya gina alƙaryar fim ta kimanin naira biliyan 3 a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka hau mumbari, aka janye shirin. Ke nan bayan shekara 15 ana kiran kai masu faɗakarwa, mutanen da ake cewa abokan aiki ne ba su yarda ba. A watan Oktoba na shekarar kuma ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda ta fito a bidiyon waƙar mawaƙin Jos ClassiQ suna rungumar juna. Wannan karon ba hukuma ce ta yi hukunci ba, 'yan uwanta ne suka riga kowa, don kada wutar ta ci su duka.

Wanda ya bi jerin nan zai ga nauyin rawanin ba ɗaya ba ne a kan kowa. Jarumi zai je Legas ya fito a fim ɗin kudu, ya riƙe hannun mace, a ce aiki ne. Jaruma kuwa ko hoton da ta ɗauka a ɗakinta ya isa a kira ta da sunan da ba ya faɗuwa. Mutuwar aurenta labari ne na mako guda, nasa saki kuwa ko a gefen shafi. In da gaske halin kirki ake aunawa, da gaskiya da riƙon amana da biyan haƙƙin ma'aikata sun shiga lissafi. A 2022 dattijuwa Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa irin 'yan dubban da ake sallamarta da su bayan ta shafe shekaru tana fitowa a matsayin uwa. Wasu furodusoshi sun musanta, an yi kwanaki ana cacar baki, amma ban ji an kori kowa daga masana'anta a kan haƙƙin tsohuwa ba.

Akwai kuma wasu masu cin moriyar rawanin da ba a cika ambata ba. Kamfanin sadarwa da na sinadarin ɗanɗano suna biyan tauraro ne daidai don sun san ana kwaikwayonsa. Masu yaƙi da cutar shan inna sun nemi 'yan fim su yi wa iyaye magana. 'Yan siyasa kuwa ba a magana: tun daga zaɓen 2015 waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara suka zama wani ɓangare na yaƙin neman zaɓe, kuma kowane ɗan takara yana da tawagarsa ta jarumai. Wanda ya hau mumbarin siyasa da su a watan kamfe, shi ne zai iya sa hannu a takardar dakatar da su in ya hau kujera.

Kwaikwayon da ake tsoro yana faruwa, babu musu. Tambayi kowane tela, zai gaya maka sau nawa aka miƙo masa waya da hoton jaruma aka ce irin wannan ɗinkin ake so. Salon ɗaurin ɗankwali, askin samari, wata kalma da ɗan barkwanci ya furta ta zama ta 'yan makaranta, duk daga allo suke sauka. Sai dai ɗaukar ɗinki abu ne mai sauƙin gani, ɗaukar hali kuwa da wuya a nuna shi da yatsa. Yarinyar da ta yi ɗinkin jaruma, yadda za ta yi wa surukarta magana a gidansu ta gani, wajen uwarta da yayyenta.

Yanzu ma fagen ya wuce 'yan fim. Ɗan TikTok ba ya bukatar furodusa ko rajistar ƙungiya, bai taɓa yi wa kowa alkawarin faɗakarwa ba, kuma sau da yawa abin da ake zaginsa a kai shi ne ke tara masa mabiya. Hisbar Kano ta gwada kira da nasiha, ta gwada kame. Dambarwar Murja Ibrahim Kunya a farkon 2024 ta kai har Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa na kwamandan Hisba bayan gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki salon kamen, kafin a sasanta ya koma bayan 'yan kwanaki.

Su kuwa tsofaffin taurarin, wasunsu sun tsallaka ɗaya ɓangaren teburin. A watan Janairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos. Hukumar tacewa ta Kano, wadda ta taɓa kai 'yan fim gaban alƙali, a 2023 aka miƙa ta hannun Abba Al-Mustapha, wanda shi kansa jarumi ne da aka sha gani a allo. A ƙarƙashinsa ne a watan Mayu na 2025 hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango har 22, ta ce sai an kawo mata su ta duba kafin a ci gaba da haska su.