Ciyar da dabbar daji a Ostireliya: inda aka yarda da inda za a ci ka tara

Wanda ya ga hoton matafiyi a Ostireliya ya durƙusa, kangaru na cin abinci a tafin hannunsa, zai ɗauka haka abin yake ko'ina a ƙasar. Yawancin irin waɗannan hotuna a cikin shinge ake ɗaukarsu, a gidan dabbobi mai lasisi kamar Lone Pine da ke birnin Birisben, wanda aka buɗe tun 1927. A can za ka sayi abincin da masu wurin suka tanada, ka shiga fili, ka miƙa hannu, ba mai ce maka uffan. Amma ka fita daga shingen ka yi haka a gandun daji na gwamnati, ka taka doka, ko da kuwa kangarun ne ya biyo ka da kansa.

Abin da ke rikita baƙi shi ne kowace jiha da tata dokar kan namun daji. Ɗaukar koala a hannu (wata ƙaramar dabba ce mai laushin gashi da ke zama a kan bishiya), alal misali, haramun ne ga ɗan yawon buɗe ido a jihar da Sidni take, amma jihar Kwinsland ta yarda da shi bisa sharuɗɗa. Ko a Kwinsland ɗin ma, Lone Pine ya daina barin baƙi su rungumi koala a 2024. Don haka abin da aka bar ka ka yi jiya a wani gari ba hujja ba ne yau a wani.

Jihar Yammacin Ostireliya ta fi fito da maganar fili. Dokarta ta kare halittu ta 2016 ta ce ciyar da dabbar daji ta asalin ƙasar ba tare da izini ba laifi ne, tararsa kan kai dala 20,000 ta Ostireliya. A tsibirin Rottnest da ke kusa da birnin Perth akwai wata ƙaramar dabba mai girman kyanwa da ake kira kwoka, mai fuska kamar tana murmushi, kowa so yake ya yi hoto da ita. Hoton ba laifi, amma taɓa ta ko ba ta abinci an hana.

Inda dokar ta fi zafi, kuma inda dalilinta ya fi bayyana, shi ne tsibirin K'gari a Kwinsland, wanda a da ake kira Fraser, tsibirin rairayi mafi girma a duniya. A can akwai dingo, karen daji ne wanda idan ka gan shi sai ka rantse karen gida ne ramamme. Wannan ramar ce ke yaudarar mutane, tausayi ya kama su, su jefa masa guntun nama, alhali haka halittarsa take. Dingon da ya ci daga hannun mutum sau ɗaya, sau biyu, tsoron mutum ya fita daga ransa. Daga nan sai ya fara zagaye tantuna, ya fara bin yara. A 2001 dingo suka kashe wani yaro ɗan shekara 9 a tsibirin, bayan haka hukuma ta harbe kusan 30 daga cikinsu. A 2019 aka ƙara tarar ciyar da su ko tsokanarsu da gangan: sama da dala 2,000 nan take, idan aka je kotu ta haura dala 10,000. Ba a takarda kawai dokar ta tsaya ba, don a 2023 an ci wasu mata biyu tarar sama da dala 2,000 kowace, saboda sun matsa kusa da dingo sun ɗauki hoto sun sa a intanet.

Na san abin da zai zo zuciyar mai karatu, don ni ma da wannan tarbiyya na tashi: ciyar da mai rai sadaka ne, ko tsuntsu ka watsa wa gero kana sa ran lada. To amma a nan wanda ya jefa naman ya shiga jirgi ya koma gida, dabbar ce ake bi da bindiga bayan wata biyu idan ta ciji wani. Wannan ne ya sa nake ganin dokar ba ta yi tsauri ba ko kaɗan. Wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki a Yankari ya san yadda gwaggon biri ke fizge leda daga hannun mutum ido da ido. Ba haka aka halicce shi ba, sabo da abincin baƙi ne ya mayar da shi haka.

Akwai kuma batun lafiyar dabbar. Kangaru ciyawa yake kiwo, cikinsa bai san burodi da biskit ba. Irin wannan abinci na taimaka wa wata cuta ta ƙwayoyin bakteriya da ke kumbura muƙamuƙi har dabbar ta kasa tauna, yunwa ta ƙarasa ta. Shi ya sa ko a gidajen dabbobin da aka yarda a ciyar, ba a yarda ka fito da naka guzurin ba, sai nasu, kuma ga dabbobin da suka nuna maka kawai.

Wani abu da baƙi ba su cika sani ba: a K'gari ba sai ka miƙa abinci da hannu ka zama mai laifi ba. Barin abinci ko shara a inda dingo zai kai gare su shi ma laifi ne mai tara. Ana so akwatin abinci ya kasance a kulle cikin mota, a wanke kwanuka da zarar an gama ci, masu kamun kifi kuma su binne hanji da ƙaya cikin rami mai zurfi. Yaro kada ya wuce inda hannun babba zai kai gare shi, ko a bakin ruwa ne. Idan dingo ya tunkaro ka, ma'aikatan gandun sun ce kada ka ruga: ka miƙe tsaye sosai, ka fuskance shi, ka riƙa ja da baya a hankali kana kiran taimako.