Me ke nunar da tumatir a cikin kwando?

Duk wanda ya taɓa sarin tumatir a kasuwar Farin Gada da ke Jos ya san wannan takaicin: yau kaya da tauri, jibi na ƙasan kwando sun yi lugub. Aikin wasu furotin biyu ne da ke cikin 'ya'yan.

Wa ke ba tumatir umarnin ya nuna?

Wata iska ce marar launi mai suna etilin, kuma ɗan itacen da kansa ke fitar da ita. Homon ce ta tsirrai, wato sinadarin da ke kai saƙo a jikinsu. Ita ce ke sa ayaba, mangwaro da gwanda su ci gaba da nuna bayan an tsinke su.

Daga ina take fitowa?

Daga sinadarin metiyonin, ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Tsiro kan mayar da shi wani sinadari da ake kira SAM a taƙaice, SAM ya koma wani mai suna ACC, ACC ya zama etilin. A 1979 ne Shang Fa Yang da Douglas Adams na Jami'ar Kalifoniya suka gano matakin ACC. Enzayim biyu, wato furotin masu hanzarta sauya sinadarai, ke riƙe da ƙarshen hanyar, kuma su ne furotin biyun da na ambata: ACC sintes da ACC oksides.

Yaya siffarsu take?

Nan ne abin ya fi burge ni. ACC sintes tagwaye ne, furotin biyu iri ɗaya manne da juna. Ramin da aikin ke gudana yana daidai inda suka haɗu, kowanne ya ba da nasa gefen, don haka ɗaya shi kaɗai ba ya iya komai. A cikin ramin akwai wani nau'in bitamin B6 da ke damƙe SAM, a yanke shi, a lanƙwasa guntun ya zama ƙaramin zobe mai kusurwa uku. Zoben nan shi ne ACC. An fara ganin wannan siffa a 1999, daga enzayim ɗin tuffa.

Shi kuwa ACC oksides a naɗe yake kamar tabarma, da ƙwayar ƙarfe guda a tsakiya, tubalan furotin uku, histidin biyu da aspartet ɗaya, suna riƙe da ita. Sai an samu oksijin da bitamin C yake fasa zoben. Da ya fashe, etilin ta fita, tare da ɗan sayanayid da tsiron ke kashe dafinsa nan take.

To, ina ruwan ɗan kasuwa da wannan?

Ruwansa da tsaki. Rauni yana tayar da ACC sintes. Tumatir ɗaya da tsinken kwando ya soke, ko nauyin na sama ya matse, zai fara fitar da etilin da yawa, ita kuma ta sa na kusa da shi su fara haɗa tasu. Haka ake ɗora kwando kan kwando a mota har Legas, kwana da kwanaki. Ina jin zafin asarar nan, don wani ɓangarenta ana iya tare shi: a ware fasassu tun a gona, a bar iska tana ratsa kaya, a kauce wa rana. Sanyin Jos ma yana rage wa enzayim ɗin sauri.

Sinadarin kabayid da ake sa wa ayaba don ta nuna da wuri fa?

In ya jiƙe, iskar asitilin yake fitarwa, wadda ke kwaikwayon etilin. Bawo ya yi rawaya, ciki bai gama zaƙi ba, ga guba irin su asenik da kan biyo shi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa.