Yadda Adaidaita Sahu Ke Shan Kwana: Jan Hankali ga Matuƙa da Fasinjoji

Tun da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur mai ƙafa biyu a farkon 2013, 'yan acaɓa da yawa suka koma tuƙin adaidaita sahu, wanda a wasu garuruwa ake kira Keke Napep. Sun koma ne da sabon da jikinsu ya yi da babur, kuma mu ma'aikatan lafiya muna ganin sakamakon wannan sabo a ɗakin agajin gaggawa.

Mai babur idan zai sha kwana yakan kwanta tare da mashin ɗinsa zuwa ɓangaren da ya nufa, kuma wannan kwanciyar ce ke riƙe shi. Adaidaita sahu ba ya kwanciya, domin taya ɗaya gare shi a gaba, biyu a baya, don haka a miƙe yake shiga kwana, nauyinsa da na mutanen da ke ciki duk ya rinjaya zuwa waje. Idan gudu ya yi yawa, tayar baya ta ɓangaren da aka karya kai sai ta ɗaga daga ƙasa, kuma da zarar ta ɗaga, kaɗan ya rage keken ya kife, tunda babu taya ta biyu a gaba da za ta tokare shi. Shi ya sa ya wajaba matuƙi ya sassauta totur, ya taka birki, ya rage giya tun kafin ya isa shataletale ko lanƙwasa. Taka birki da ƙarfi a tsakiyar kwana ƙara tura nauyin yake yi kan tayar gaba, inda keken ya fi rauni.

Lodi yana ƙara tsananta lamarin. Kujerar baya ta mutum uku ce, amma sau da yawa za ka ga huɗu a matse, wani kuma ya raɓa kusa da matuƙi har ya hana gwiwar hannunsa juyawa. Buhun da aka ɗaure a kan rufi ya fi wanda aka ajiye a ƙasa haɗari, saboda duk nauyin da ya yi sama saurin rinjayar keken yake yi. Tayoyin kuma ƙanana ne, ramin da mota za ta haye lafiya yana iya fizge kan keken daga hannun matuƙi, musamman da damina idan ruwa ya rufe ramuka. Mun san balas ɗin mai keke na jiran matuƙi kowace yamma, amma kuɗin ɗorin ƙashi da makonnin jinya sun fi ribar fasinja ɗaya nesa ba kusa ba.

Keken ba shi da ƙofa, don haka raunukan da suka fi zuwa mana su ne karayar ƙafa da hannu, domin mutum yakan miƙa su waje ya tare ƙasa lokacin da keken ke faɗuwa, sai ƙarfen ya danne su. Muna roƙon fasinja ya riƙe ƙarfen da ke gabansa, ya tattara ƙafafunsa ciki, iyaye kuma su sa yara a tsakiya, kada a bar su a bakin kujera.

Idan haɗari ya auku, kada a fizgo wanda ke kukan wuya ko baya, kuma kada a ɗura ruwa a bakin wanda ya suma. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, a kira jami'an kiyaye haɗurra ta lambar 122, sannan a garzaya da shi asibiti mafi kusa.