Waiwaye: Baftisma, Jibin Ubangiji da Sauran Sakramenti a Arewacin Kamaru da Chadi

Duk wanda ya zauna da Kiristoci a Garwa, Marwa, Ngaundare ko Njamena zai lura cewa bakinsu bai zo ɗaya ba a kan adadin ayyukan ibadar da ake kira sakramenti. Ɗan Katolika zai ce bakwai ne: baftisma, tabbatarwa, Jibin Ubangiji, furta zunubi a gaban fada (limamin Katolika), shafa wa mara lafiya mai, naɗin masu hidimar ikilisiya, da aure. Mabiyin Luther zai ce biyu ne, wato baftisma da Jibin Ubangiji. Ɗan Baftis ko Fentikostal kuwa zai yarda da biyun, amma ya fi son a ɗauke su a matsayin umarnin Ubangiji da mai bi yake cikawa don shaida bangaskiyarsa. A koyarwar tsofaffin ikilisiyoyi, sakramenti alama ce da ido ke gani, kamar ruwa ko gurasa ko mai ko ɗora hannu, wadda Allah yake ba da alherinsa ta wurinta. Saɓanin adadi ne ya fi fitowa fili, amma rigingimun da suka fi zafi a tarihi sun taso ne a kan wanda ya isa ya bayar, da wanda ya cancanci karɓa, da abin da za a yi amfani da shi. Tambayoyin nan sun sake tasowa a yankinmu, kowacce da irin tata kamar.

Tushen biyun da kowa ya yarda da su yana cikin Sabon Alkawari. A ƙarshen Bisharar Matiyu, Yesu ya umarci almajiransa su yi wa al'ummai baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Manzo Bulus kuma ya ba Korintiyawa labarin daren da Yesu ya gutsuttsura gurasa, ya miƙa ƙoƙo, ya ce a riƙa yin haka don tunawa da shi. Wani tsohon rubutu na masu bi na farko da ake kira Didake ya nuna cewa tun wancan zamani an yi la'akari da halin da wuri yake ciki: a yi baftisma a ruwa mai gudu, in babu a yi da wani ruwan, in kuma ruwan bai kai a shiga ba, a zuba a ka sau uku. Mutumin Marwa, wanda ya san yadda Mayo Kaliyawo ke komawa yashi zalla da rani, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan sassauci.

Rigima mafi tasiri a kan wanda ya isa ya ba da sakramenti a Afirka aka yi ta. A lokacin tsanantawar da Sarkin Rum Diyokletiyan ya fara a shekarar 303, wasu shugabannin ikilisiya sun miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma don su tsira da rayukansu. Da ƙura ta lafa, wani ɓangare na Kiristocin Kartaj, a Tunisiya ta yau, wanda daga baya aka san shi da sunan jagoransa Donatus, ya ce baftisma ko naɗin da ya fito daga hannun irin waɗannan mutane banza ne, sai an sake. Maganar tana da ƙarfi, domin mai bi da aka kashe masa ɗan'uwa saboda ya ƙi miƙa littafi ba zai ji daɗin durƙusawa gaban wanda ya miƙa ba. Rabuwar ta haura shekara ɗari. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, ya amsa da cewa Almasihu ne ainihin mai yin baftisma, mai hidima kuwa kamar magudanar dutse yake, wadda ruwa ke bi ya isa lambu ko da ita kanta ba ta tsiro da komai. Taron Kartaj na 411 ya yanke hukunci a kan mutanen Donatus, ra'ayin Agustin ya zama koyarwar Katolika, daga baya Luther da Calvin ma suka riƙe shi. Dalilin da ya sa ya ɗore mai sauƙin ganewa ne: in da ingancin baftisma ya rataya a kan tsarkin zuciyar fasto ko fada, da babu mai bi ko ɗaya da zai tabbata cewa tasa ta yi.

Adadin bakwai bai zauna da wuri ba. Malamin Faris, Bitrus Lombad, shi ne ya jera su haka a tsakiyar ƙarni na 12, Majalisar ikilisiya ta Lateran ta 1215 ta wajabta wa kowane baligi furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara da karɓar Jibi a lokacin Ista, Majalisar Filorens ta 1439 kuma ta tabbatar da bakwai ɗin. A 1520 Martin Luther ya ce abin da Almasihu ya kafa da kansa, ya haɗa shi da alkawari da alama ta zahiri, shi kaɗai ya cancanci sunan, a kan haka adadin ya sauko zuwa biyu. Amma masu neman gyaran ikilisiya su ma sun rabu. A taron Marbug na 1529, Luther da Zwingli, jagoran gyara na Zurik, sun daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, suka watse a kan ko jikin Almasihu yana cikin gurasar da gaske ko kuwa gurasar abin tunawa ce. A Zurik, wasu sun ƙi baftismar jarirai, suka fara yi wa manya a 1525, shekara biyu bayan haka hukumar garin ta nutsar da ɗaya daga cikin jagororinsu, Felix Manz, a kogi. Majalisar Katolika ta Tirent ta mayar da martani a 1547 da cewa sakramenti bakwai ne, ba ƙari ba ragi.

Da wannan rabuwa a hannunsu masu mishan suka iso nan. Berge Revne na 'Yan'uwan Lutheran ya kafa a Lere a 1920, aikinsu ya bazu zuwa Yagwa. Adolphus Gunderson daga Amurka ya iso Adamawa a 1923, mutanen Norwe suka biyo baya a Ngaundare a 1925, a shekarar da 'yan Baftis suka zauna a garin da ake kira Sarh yanzu. Katolika sun makara: sun buɗe tasharsu ta farko a kudancin Chadi a Ku, kusa da Mundu, a 1929, amma aikinsu a arewacin Kamaru bai kankama ba sai da ƙungiyar fada-fada ta OMI ta zo a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na Garwa. Tun da ƙasashen lamidai na Musulmi ne, yawancin waɗanda suka karɓi baftisma sun fito daga Gbaya, Dii, Masa, Mundang, Tupuri, Giziga, Mafa da Sara. Wannan ya sa ikilisiyoyin da suka saba yi wa jarirai baftisma a Turai suka tarar da kansu a halin masu bi na farko, suna koyar da manya shekara da shekaru kafin a zuba musu ruwa. Lokacin da Majalisar Vatikan ta Biyu ta ba da umarni a 1963 cewa a maido da tsarin koyar da manya mataki-mataki, ta kuma buɗe ƙofar yin ibada da harsunan gida, katakis (masu koyar da addini) na ƙauyukanmu sun riga sun daɗe a kan wannan aiki.

Ƙabilu da yawa a yankin suna da nasu shigar daji, inda ake ɗauke samari a koya musu asirin dangi su dawo a matsayin manya, wani lokaci da sabon suna. Baftisma ita ma tana cewa tsohon mutum ya mutu, sabo ya tashi, saboda haka ba makawa su biyun su yi karo. Karon ya kai ga zubar da jini a Chadi. A 1973 Shugaba Tombalbaye ya yar da sunansa na Fransuwa ya ɗauki Ngarta, ya mayar da Fort-Lamy Njamena, ya kuma tilasta wa ma'aikata da sauran mazan kudu shiga yondo, al'adar shigar daji ta Sara. Kiristoci da dama, musamman 'yan Baftis da sauran Furotesta, sun ƙi, suna cewa wanda aka yi wa baftisma ba ya sake wata haihuwa a hannun dodannin daji. An rufe majami'u, an kori masu mishan, an kashe fastoci da masu bi, kuma abin bai tsaya ba sai da sojoji suka kifar da shi a ranar 13 ga Afrilu, 1975.

Tambayar wanda ya cancanci karɓa ta fi cizo a batun aure. Magidanci mai mata biyu ko uku da ya nemi baftisma, a yawancin ikilisiyoyi ana ce masa ya zauna da ɗaya. Dokar Katolika ta 1983 ta ce in zama da uwargida zai yi masa wuya, zai iya zaɓar ɗaya daga cikin sauran, tare da kula da bukatun waɗanda ya rabu da su bisa adalci. A takarda maganar tana da tsari, amma a gida, mace ce da ba ta yi laifin komai ba ake sallama, da 'ya'yanta da sadakin da iyayenta suka riga suka ci. Da yawa sukan zaɓi su zauna a matsayin masu koyo har tsufa, a yi musu baftisma a gadon mutuwa. Anglikan sun hana baftismar mai mata da yawa a taron Lambet na 1888, suka sassauta bayan shekara ɗari cif, a 1988, da sharaɗin kada ya ƙara aure. Dokar Kamaru kuwa ta ba ma'aurata zaɓi a wurin ɗaurin auren hukuma tsakanin mace ɗaya da fiye da ɗaya. Akwai kuma ɗimbin 'yan Katolika da suka yi auren gargajiya ba su kai shi coci ba, sau da yawa domin sadaki bai cika ba ko kuɗin biki bai samu ba, waɗanda ke halartar Misa, wato ibadar Jibi ta Katolika, kowace Lahadi amma su zauna a kujera idan an tashi karɓar Jibi. Taron bishop-bishop na Roma a 2023 ya nemi ƙungiyar bishop-bishop ta Afirka ta zurfafa nazari a kan yadda za a bi da masu mata da yawa.

Batun abin da za a ɗora a kan bagade shi ma ya taɓa yankinmu kai tsaye. Abincin mutanen nan dawa ne da gero, abin shan bukukuwan gargajiya kuma bilbil, wato burkutu, alhali garin alkama da ruwan inabi daga nesa ake kawo su. A farkon shekarun 1970 Bishop Dupont na Pala ya gwada yin Misa da gurasar gero da giyar gero, Roma ba ta amince ba, a 1975 kuma ya bar kujerarsa. Wani fada na OMI, René Jaouen, wanda ya daɗe a cikin Giziga, ya wallafa littafi a kan wannan tambaya a 1995. Hujjar masu son canji ita ce Yesu ya ɗauki abincin yau da kullum na mutanensa ne, don haka manomin Mokolo ya kamata ya miƙa abin da gonarsa ta ba shi. Hujjar Roma kuwa ita ce ikilisiya ba ta da ikon sauya abin da Yesu ya riƙe da hannunsa a daren nan, kuma gurasa iri ɗaya a duk duniya alama ce ta tarayya ɗaya. Doka ta tsaya a kan alkama zalla da ruwan inabi, wata takardar Vatikan ta 2004 ta sake nanata cewa gurasar wani hatsi ba ta inganta. A nan Furotesta sun fi sakewa, domin da yawansu sun haramta giya gaba ɗaya, suna amfani da ruwan inabin da bai tsima ba ko wani jan abin sha.

Ƙarancin fada ya ƙara wa tsarin sakramenti bakwai nauyi a karkara, domin Misa, jin furta zunubi da shafa mai duka sai fada. Ƙauyen da ke bayan duwatsun Mandara kan yi makonni bai ga fada ba, katakis ne ke jan addu'ar Lahadi, ya koyar da masu neman baftisma, ya yi jana'iza. An sassauta a kan baftisma: idan rai yana cikin haɗari, kowa zai iya yin ta, har wanda ba Kirista ba, muddin ya zuba ruwa da kalmomin da aka sani da niyyar yin abin da ikilisiya ke yi, wanda shi ma gadon koyarwar Agustin ne. Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, fada ne ɗan kudancin Kamaru da ya zo arewa a 1959 ya zauna a Tokombere, yana taka duwatsu ba takalmi zuwa wurin mutane, ya rasu a 1975. Rikicin Boko Haram ya sake buɗe wannan giɓi na ƙarancin fada. Bayan sace wani fada Bafaranshe a Ngecewe a Nuwamban 2013, da wasu fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada kusa da Marwa a Afrilun 2014, an janye masu mishan baƙi daga wuraren da ke kusa da iyaka, aikin ya koma kan fada-fada 'yan ƙasa da katakis.

Tsakanin ikilisiyoyin kansu an samu kusantar juna a kan baftisma fiye da Jibi. Takardar da wani kwamitin Majalisar Ikilisiyoyin Duniya ya amince da ita a Lima a 1982 ta yi kira da a guji duk abin da zai yi kama da sake baftisma, Katolika da Lutheran kuma suna karɓar baftismar juna idan an yi ta da ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Majami'un Baftis da na Fentikostal, waɗanda ke ƙaruwa a unguwannin Garwa da Njamena, ba su ɗauki yayyafin da aka yi wa jariri a matsayin baftisma ba, shi ya sa suke kai sababbin mabiyansu Binuwai ko Shari su nutsar da su ko da an taɓa yi musu a yarinta. Jibin Ubangiji kuwa har yanzu kowa da teburinsa, ta yadda miji ɗan Lutheran da matarsa 'yar Katolika za su iya tsayawa tare a baftismar ɗansu, amma in ban da wasu yanayi ƙalilan da doka ta keɓe, mijin ba zai karɓi Jibi a cocin matarsa ba.